Ƙulli Tara a Igiyar Tasi'u Mai Faci

Tasi'u Mai Faci mutumin Randagi ne, amma a tashar motar Birnin Gwari aka fi saninsa. Shi da matarsa Halima sun baro ƙauye tun lokacin da noma a bakin daji ya gagara, ya kafa rumfar facin taya a bakin tasha. Ni ina sayar da goro a gefensa, shi ya sa abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Faci ne abincinsa, amma zuciyarsa tana wani wuri. Da zarar aiki ya lafa, sai ya jawo buhun gwangwanayen madara da na tumatir daga ƙarƙashin benci, ya yanka, ya buga su har su miƙe, ya ƙera ƙananan motoci. Ba irin na wasan yara ba. Taya ta tsohon silifas, gilashi na robar ruwa, ƙofa kuma tana buɗewa. Ba ya sayarwa. Direbobi kan zauna su yi ta gardama a kansu, wannan ya ce hancin tirelar ya yi tsawo, wancan ya ce ai haka take. Tasi'u sai dai ya yi murmushi, don ya san bai yi da ka ba.

Ga yadda yake yi. Motar da ta burge shi, sai ya ɗaura igiya a gabanta ya ja zuwa baya. Inda taya take ya ƙulla, inda ƙofa ta fara ya ƙulla, haka har ƙarshe. In ya koma rumfa, tsakanin kowane ƙulli da na gaba sai ya ninke igiyar gida biyu har sau huɗu. Abin da ya fito shi ne awon ƙaramar. Ba ya karatu, igiyar ce takardarsa.

Wata safiya bayan girbi ya auna motar Joshua, wani direba Bagwari mai ɗaukar masara zuwa Kaduna. Ana lodi, kowa yana harkarsa. Motar ta tashi da mutum tara har da direba. Kafin la'asar labari ya zo cewa 'yan bindiga sun tare ta a cikin daji, sun tafi da mutanen duka, sun bar motar a gefen hanya.

Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka tsaya a kan rumfar. Shugabansu Abarshi, mutum ne da ya binne ƙannensa biyu saboda dajin nan, kuma a lokacin babu kalmar da ta fi infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, nauyi a garin. Wanda aka liƙa wa ita, da wuya ya sake kwana a gidansa.

"An gan ka jiya kana zagaya motar Joshua," in ji Abarshi. "Ina abin da ke hannunka?"

Tasi'u ya miƙa masa igiyar. Abarshi ya bi ta da yatsa yana ƙirgawa a fili. Da ya kai tara, ya ɗago kai.

"Ƙulli tara, mutum tara. Wa ka yi wa wannan lissafin?"

"Awo ne, ranka ya daɗe."

"Awon mutane?"

"Awon mota."

Wani daga baya ya ce, "Dattijo da furfura yana wasan gwangwani? Ni dama na ce akwai abin da yake ɓoyewa!" Jiya-jiya mutumin nan ya gama yabon tirelar da Tasi'u ya ƙera. Aka fara matsowa. Halima ta iso mayafi a hannu, ta kasa ratsa taron.

Na ce wa Abarshi, "Ɗana, ai an jawo motar, tana bayan tasha. A gwada igiyar a jikinta mana."

Ya ce a je. "Amma in ƙulli ɗaya ya faɗa a banza, Baba, kada ka sake yi mini magana."

Motar tana nan, gilashin gaba a farfashe, masara a zube a bodi. Abarshi ya ɗaura igiyar da kansa ya ja. Ƙulli na farko ya sauka a tsakiyar tayar gaba. Na biyu da na uku, bakin ƙofa da ƙarshenta. Na huɗu, farkon bodi. Na biyar ya sauka a kan katako fili, babu komai. Abarshi ya sa yatsa a wurin, ya sa aka ci gaba. Tankin mai, tayoyin baya biyu, ƙarshen mota, duk suka zauna daidai.

"Takwas," in ji Abarshi. "Wannan fa?"

"Akwai ƙugiya a nan," in ji Tasi'u.

"Tana ina?"

Ya duba, ya sake dubawa. Babu ita.

"Ya ƙara ɗaya ne don lissafinsa ya cika!" in ji mai maganar ɗazu. Wani ya riƙe Tasi'u a wuyan riga.

Rachel, matar Joshua, tana tsaye a gefe tun da aka fara. Idanunta sun kumbura. Da a ce ta yi shiru, babu mai ganin laifinta. Sai ta tako.

"Ku sake Baba mai faci," ta ce. "Akwai ƙugiya. Ni na sa aka yi waldarta a ƙarfen ƙarƙashin katakon. Nan yake rataye kular abincin da nake zuba masa, don in ya sa a ciki yaran mota suna cinyewa."

Abarshi ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin katakon. Ya daɗe yana lalube. Da ya zaro hannun, yatsansa na jini: guntun ƙarfen yana nan inda aka karya shi, har da zaren kular.

Ya miƙe, ya naɗe igiyar ya ba Tasi'u. "Malam, ka yafe," ya ce. Taron ya watse kamar ba su ne ba.

Tasi'u ya yi wata guda bai taɓa gwangwani ba. Rachel ce ta zo da kanta ta ce ya ƙera motar, tana son ta ajiye a ɗaki. Ya ƙera. Allah ya sa bayan wata biyu Joshua ya fito daga hannun 'yan bindiga, ya rame, yana ɗingishi. Ya zo rumfa da ƙaramar motar a hannu, ya juya ta ya sake juyawa.

"Baba, ƙugiyar nan ta yi girma."

"Ba ta yi ba. Na auna."

Har yau Tasi'u yana ƙera motocinsa, ana kuma gardama a kansu. Sai dai ba ya ƙara ɗaura igiya a jikin mota, sai in direbanta ne zai riƙe masa ɗaya bakin.