Ranar da Muka Kafa Tantuna a Kan Burtali

Duk yawan baƙin da muka saukar daga baya, ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka buɗe sansaninmu na bakin tafki ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar da komai a tsare, shi ya sa nake so ku ji yadda aka fara.

Ni matar gida ce a Kwamba, girki da tarbiyyar yara na sani. Ƙanin maigidana, Sadisu, shi ya zo da shawarar. Ya ce ma'aikatan Abuja da na Suleja suna son fita shan iska ƙarshen mako, amma kuɗin otal ya fi ƙarfin yawancinsu. Ya nemi fili a bakin wani tafki can gaba da Maje, ya sayo tantuna na hannu, ya kuma gyara wata tsohuwar bas. Aka cire kujerun baya, aka sa gado da katifa da labule da 'yar fanka, ta zama ɗakin kwana mai taya. Muka sa mata suna Gimbiya. Sadisu ne manaja. Bitrus shi ne direba, shi ne kuma mai kafa tantuna. Ni aka ba abinci da kula da baƙi mata, bayan maigidana ya amince. Mai unguwar ƙauyen da ke kusa da tafkin ya ba mu izini bisa sharaɗi ɗaya: ranar da muka jawo rigima tsakanin maƙwabta, ranar za mu kwashe kayanmu.

Tun da damina Sadisu ya zaɓi wurin. Wani shimfiɗaɗɗen fili ne dogo, ya gangaro har bakin ruwa, babu ƙaya babu kututture. Hagunsa gonakin dawa, damansa duwatsu. Dukkanmu muka yaba, har na ce kamar an share mana shi. Nan aka kai Gimbiya aka ajiye, ta yi makonni ba ta motsa ba.

Baƙinmu na farko malaman wata makaranta ne, maza da mata, bayan ɗaukewar ruwan sama. Ɗaya daga cikinsu ta zo da mahaifiyarta, Mama Saratu, tsohuwar nas daga Bagama mai fama da ciwon gwiwa. Ita aka ba Gimbiya, don ba za ta iya kwanan ƙasa ba. Da ƙyar muka hau da ita. Da ta zauna ta leƙa taga ta ga ruwa, sai ta ce, "'Yata, ko gobara ake yi ba na sauka sai gobe."

Zuciyata fes ranar. Tantuna sun jeru, baƙi sai ɗaukar hoto suke, ni kuma na ɗora tukunyar dafa-duka bayan azahar. Ina yanka albasa wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono kusa da murhuna. Dije sunanta. Muka gaisa, amma idonta na kan tantunan.

Ta ce, "Uwar gida, wa ya ce ku sauka a nan?"

Na ce mai unguwa ne ya ba mu.

"Ya ba ku bakin ruwa, bai ba ku burtali ba. Nan hanyar shanu ce zuwa mashaya. Da damina a rafuka suke sha, yanzu rafuka sun janye. Jiya muka dawo ruga. Yau da la'asar za su sauko."

Ashe kofaton shanu ne ya share mana filin shekara da shekaru. Na tambaye ta ko za su iya kewayawa. Ta nuna duwatsu da haɓa, sannan ta nuna dawar da ta yi kai tana jiran girbi. Ba sai ta ƙara magana ba. In shanu suka tarar da hanya a toshe, gonakin mutane za su faɗa, mu kuma aikinmu ya ƙare a ranar da ya fara.

Na ruga wurin Sadisu ina riƙe da mayafi.

"Manaja, ka kafa mu a hanyar shanu!"

"Matar yaya, yau ba ranar tsokana ba ce."

"Wallahi ba wasa nake ba. Zo ka ji da kunnenka."

Ya ji, ya cire hula ya mayar. Ya so a ɓoye wa baƙi, a ce musu za a gyara tsari ne kawai. Na ce a'a, hannunmu shida ba za su iya ba, a gaya musu gaskiya. Ya tsaya a tsakiyarsu ya faɗa musu yana in-ina. Ina jiran a fara masifa, sai wani malamin lissafi ya tuntsire da dariya ya ce, "To me muke jira? Oya, kowa ya kama tantinsa!"

Ban taɓa ganin aiki mai daɗi irin wannan ba. Aka tumɓuke turaku, mutum huɗu-huɗu suka ɗaga tanti ɗungurungum suna gudu da shi zuwa gindin duwatsu, mata na ɗauke da katifu a ka suna shewa. Kafin wani lokaci fili ya koma wayam, sai Gimbiya a tsakiya.

Bitrus ya murɗa makulli. Ƙyas, shiru. Ya sake. Shiru. Batirin ya mutu, don duk makonnin nan da shi ake gwada fanka da cajin waya. Tayoyin kuma sun ɗan nutse a ƙasa. Daga can saman tudu muka fara jin kukan shanu.

Dije ta ce mijinta zai tare su, amma saniyar da ta ji ƙanshin ruwa ba ta jin sanda. Sai ta juyo gare ni.

"Kina da gishiri?"

Ƙunshi guda nake da shi, wanda zan yi girkin kwana biyu da shi, ko a tukunya ban zuba ba. Na miƙa mata duka. Ta ce za ta barbaɗa a kan falalen dutsen da ke sama, su tsaya lasa. Ta bar mini ƙwaryarta ta haura da gudu.

Saura turi. Bitrus ya fi kowa ƙarfi, ana bukatarsa a baya, amma dole wani ya riƙe sitiyari, don gangaren kai tsaye cikin tafki yake. Sadisu bai iya mota ba. Malaman kowa na kallon ɗan'uwansa. Sai muka ji murya daga ciki.

"Kai Bitrus, sauka. Na tuƙa mota tun ba a yaye ka ba."

'Yarta ta ce, "Mama, gwiwarki fa!"

"Ta hagu ce ke ciwo. Birki na dama ne. Ku kama ni."

Muka tallabe ta zuwa kujerar direba. Ta gyara ɗankwali, ta yi addu'arta, ni ma na yi bisimilla na dafa bayan motar tare da kowa. Turi na farko ba ta motsa ba. Na biyu ta girgiza ta koma. Bitrus ya kwaso duwatsu ya cusa a bayan taya, malamin lissafi yana ba da amo, Sadisu ya zame ya faɗi zaune, babu wanda ya tsaya yi masa sannu. A na uku Gimbiya ta fita daga ramin ta fara gangarawa, ta nufi ruwa gadan-gadan. Ina ta salati da ƙarfi. Mama Saratu ta karya kan motar dama a hankali kamar tana shiga garejin gidanta, ta taka birki daidai gindin wata ɗorawa. Ta leƙo ta ce, "Akwai wani wurin da za a kai ku?"

Ihun da muka yi bai gama sauka ba shanun suka ɓullo. Farare tas, ƙahoni kamar an zana, 'yan maruƙa na tsalle a gefe, suka bi ta inda tantunanmu suke ɗazu suka jeru a bakin ruwa. Ko ganye ɗaya na dawa ba su taɓa ba. Baƙi suka zaro wayoyi suna ɗaukar hoto. Na ga hawaye a idon Mama Saratu, ta ce rabonta da ganin haka tun tana yarinya a ƙauyensu. Mijin Dije ya ɗaga mana sanda daga nesa. Na yi alwala na yi la'asar a kan dutse, na daɗe a sujada.

Dafa-dukar ranar lami aka ci ta, babu ɗigon gishiri. Na fara ba da haƙuri, malaman suka ce in ƙaro. Nonon Dije kuwa ko cokali bai rage ba.

Yanzu kun san dalilin da muke ce wa baƙi su iso kafin la'asar, don saukowar shanu ita suka fi tambaya. Kun kuma san dalilin da Bitrus ke tayar da Gimbiya kowace safiya ko babu inda za ta. Abin da na koya shi ne, baƙo yana yafe kuskure in an gaya masa gaskiya, har ya sa hannu a gyara. Kuma duk filin da kuka gani a share a bakin ruwa, akwai masu shi. Kafin ku buga turke ko ɗaya, ku nemi mai tallan nono ku tambaye ta wa ke bi ta nan.