Alƙur'anin Baba na Ƙarshe

Mahaifina, Alaramma Mamuda, a Hunkuyi aka haife shi, a nan ya tsufa. Noma ya yi kamar kowa, amma sana'arsa rubuta Alƙur'ani da ka. Daga Kudan har Makarfi, in an ga shafi mai layi a miƙe kamar kunyar gwanin manomi, ba a tambayar mai hannun.

Lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya ɗauko na ƙarshe, ya ce na masallacin unguwarmu ne, sadakar da za ta bi shi kabari. Takarda kuwa ta yi wuya, ko a kantunan Zariya sai da sanayya. Wadda ya samu daidai aikin take, babu ta ɓatawa.

Mahaifiyata, Inna Kulu, ba ta san ko alifi ba, amma ita ke dafa masa tawada. Ita ta fara lura. Ta jawo ni ɗaki ta nuna mini shafin ranar. Layukan sun sunkuya ƙasa, baƙaƙen sun ƙanƙance, wutsiyarsu duk karkarwa.

"Ummuhani, Malam ba lafiya," in ji ta.

Na ce ai yana cin tuwo, yana zuwa jam'i.

"Ke dai dubi takarda."

Wallahi tsoro ya kama mu. Inna ta ƙara wa tawada ƙaro don kada ta zube. Ta naɗa wa alƙalami tsumma don ya riƙu. Shi kuwa kullum faɗa: yau tawada ta yi ruwa, gobe alƙalami ne bai feru ba. Ta ce, "Laifina ne, Malam." Maƙwabta kuma, Allah Ya shirye su, sai su leƙo su ce, "Hannu na nan, Alaramma." Ina hannun yake? Ni haushinsu nake ji har yau.

Saura izu biyu, wata hantsi ya fito da aikin tsakar gida don ya jera shafuka. Na farko ya haɗu da na jiya. Ya daɗe yana kallo.

"Kulu, wane jahili kuka bari ya taɓa mini aiki?"

Inna ta buɗe baki. Amma wannan laifin ba ta iya ɗauka, don ba ta iya rubutu ba.

Ya ɗaga hannunsa na dama, ya ga yana rawa. Ya danne shi da na hagu, bai daina ba. Na durƙusa na ce, "Baba, a kira wani alaramma ya ƙarasa." Bai ko dube ni ba. Ya haɗa shafukan, ya sa a gafaka, ya ɗaure.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Duk ranar Alhamis Inna sai ta dafa tawada ta ajiye kusa da buzunsa. Sai tawadar ta bushe, ta wanke kurtun, ta sake dafa wata.