Kumbo munka hau kallo, anka ce mun ga wata

Jama'a, yau saura ƙiris in sa unguwa guda azumi ba shiri!

Kun san kumbon nan mai 'yan sama jannati da ke zagaya duniya. Kwana da kwanaki ina haɗa 'yan ƙungiyarmu ta kallon taurari, don manhaja ta nuna zai ratsa saman Sakkwato yau bayan magariba. Munka hau benen abokina Bashiru a Ƙofar Taramniya, kowa ya fuskanci yamma. Na manta sam ƙarshen Sha'aban muke!

Bashiru ya miƙa hannu: "Ga shi can!"

Masu fitowa masallaci sunka ji. Sai kabbara! "An ga wata!"

Ban ko ɗaga kai ba, na sauko da gudu. Ƙofar gida ta cika maƙil. Wata tsohuwa har ta aika a jiƙa mata geron kunun sahur. Ina ta faɗin kumbo ne, wani dattijo ya damƙe mani hannu: "Yaro, ji tsoron Allah, ba a ɓoye shaida."

Sai ga kiran kawuna liman a waya.

"Mi nike ji? Kai ka ga wata?"

"Kawu, wallahi ban ga komi ba."

"To mi ya kai ka saman bene? Gobe da safe ka same ni zaure."

Kafin in ƙwaci kaina in koma sama, kumbo ya wuce. Su Bashiru na ta nuna wa juna bidiyo.

Na gaji, muryata ta dishe. Amma dai ban yi rantsuwar ƙarya ba: wallahi ban ga komi ba.