Koren mayafi a tsallaken kogi

Shekarun baya can, ina aiki a wani shagon dabino a unguwar Ƙurban, kusa da masallacin Ƙuba. Mu uku ne ke ɗaure kwali: ni, da abokina dogo, da abokina mai gemu. Ƙasashensu maƙwabta ne, sun daɗe suna jayayya kan wasu duwatsu masu ƙanƙara. Na taɓa tambayar dogon me ke kan dutsen da har ake mutuwa dominsa. Ya ce ko ciyawar akuya babu, amma wanda ya hau sama yana hango hanyar ɗayan, kuma daga can ruwan kowa ke gangarowa. Kowanne tsoro yake kada a riga shi hawa.

Sai aka jibge sojoji, aka fara harbi. Ƙauyen dogon yana bakin kogin da ya raba ƙasashen, aka katse musu layin waya. Kwana tara bai ji muryar mahaifiyarsa ba, ga ta tsohuwa ita kaɗai a gida. Mai gemu kuwa ƙaninsa soja ne a ɗaya ɓangaren. Suka daina gaisawa, ni na koma mai miƙa salatif a tsakaninsu.

Da farko wa'azi na zuba musu da guntun Larabcina na kasuwa. Dogon ya ce, "Ya sadik, kalas." Wato, aboki, ya isa haka.

Amma ni ɗan Mubi ne, a bakin iyaka na girma. Na san mutanen iyaka ba sa rasa wani nasu a tsallake. Na tare mai gemu a bayan shago.

"Ba ka da kowa a bakin kogin nan, ta wajenku, da zai hango mana gidan tsohuwar?"

"Akwai mijin ƙanwata, makiyayi ne. Idan sojoji suka gan shi da waya a can, ya shiga uku. Ba ruwana."

"Da ruwanka. Da taka mahaifiyar ce fa?"

Ya juya ya tafi. Na ƙudura a raina ba zan bar shi ya sarara ba. Da safe in tambaya, bayan azahar in tambaya, har masallacin Ƙuba na bi shi na tsaya a gefensa a sahu. Rana ta huɗu ya ce, "Wallahi kai ciwon kai ne. Wane gida ne?"

Shi ma dogon sai da na yi da gaske kafin ya zana min a bayan kwali: gida na uku daga gada, mai shuɗin rufin kwano.

Bayan kwana biyu mai gemu ya ajiye wayarsa a gaban dogon. Bidiyo ne, an ɗauko daga nesa, hoton sai rawa yake yi. Ga kogi, ga shuɗin rufi. Fuska ba ta fito ba, sai wata 'yar tsohuwa tana shanya koren mayafi a kan igiya.

Dogon ya zube a ƙasa. "Ni na aika mata mayafin nan," ya ce. "A unguwar Al-Aziziya na saya." Ya yi kuka har ni ma sai da na nemi bakin rigata. Da ya samu numfashi, ya ɗago ya dubi mai gemu.

"Ƙaninka fa? Yana lafiya?"

Har yau ba su gama rabon dutsen ba. Idan na ji labarinsa a rediyo gabana yakan faɗi, domin na san akwai mai shanya kaya a gindinsa. Wa'azina bai tsinana komai ba a lokacin, nacina ne ya yi aiki, kuma ban taɓa jin kunyar naci ba tun daga ranar.