Turken Kawu a Bakin Titi

Kawuna mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye ta wajen Indabo, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Tun ina ƙarami nake mamakin aikinsa. Idan aka kira shi, da safe zai fita yana zagaya fili, ya tsaya gaban suri, ya dubi irin ciyawar da ta tsiro, ya tona ƙasa kamu ɗaya ya shinshina. Inda ya gamsu sai ya kafa turke. A ƙauyukan nan babu mai sa diga a ƙasa sai ya ga turken Kawu, don ba a taɓa haƙa inda ya nuna aka tashi a banza ba. Na sha tambayarsa me yake ji a ƙasar, sai ya ce in je in yi karatuna.

Karatun na yi, na zama malamin firamare a Sabon Gari. Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda ya zama shugaban matasan wata jam'iyya, ya ja ni cikin tafiyar. Ba zan yi ƙarya ba, abu biyu suka kai ni. Ina son in ga yadda ake dafa siyasa daga ciki, sannan ya yi mini alkawarin kujera a ofishin ilimi, ni kuwa na gaji da alli.

Wata rana ya zo da fara'a ya ce ɗan takara ya ba ƙauyenmu rijiyar burtsatse. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, allon sanarwa da tanki sun riga injin haƙa isowa. Allon har da hoton ɗan takara yana murmushi. Na tambaya ina za a haƙa, ya ce bakin titi, don ayarin motocin ɗan takara zai bi ta nan kuma dole a gani daga mota. Saura abu ɗaya, mutanen ƙauye sun ce ba za su fito taro ba sai Kawu ya kafa turke.

Muka je muka same shi a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ɗauki sandarsa muka fita. Ya zagaya wurin, ya tona, ya shinshina, ya karkaɗe hannu.

"Nan babu ruwa. Dutse ne shimfiɗe a ƙasa. Ku zo bayan gari wajen tsamiyoyi in nuna muku."

Abokina ya ce, "Baba, ai injin zamani ne, dutse yake fasawa."

"Ya fasa. Abin da babu a ƙarƙashi ba zai kawo shi ba."

Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kawunka ne, ka san yadda za ka yi da shi." Na koma na durƙusa kusa da Kawu. Na ce masa turke kawai zai kafa, ba sai ya buɗe baki ya ce komai ba. Ya ce a garin nan turkensa shi ne maganarsa. Sai na kawo zancen kujerar, na ce idan taron ya watse ni ma tawa ta watse. Ya daɗe yana kallona.

"Kai ma haka kake so, ɗan nan?"

Na ce eh. Har yau idan na tuna yadda kalmar ta fito mini da sauƙi, kunya nake ji. Ya karɓi turken ya buga shi a gaban jama'a.

Kwana uku injin yana ruri, farar ƙura ce kawai ke tashi. Na zuba ido in ga yadda za su fita daga wannan. Ranar da ayarin zai wuce kuwa na iso na tarar an ɗora tanki, an shafa fenti, famfo yana zubar da ruwa shar. Mata suna guɗa. Na tsaya baki buɗe, har na fara cewa ko dai Kawu ya yi kuskure. Ayarin ya zo da jiniya, wani babba ya sauko ya yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto, ko minti goma ba su yi ba. Ɗan takarar kansa hannu kawai muka gani ta gilashi. Na kan tambayi kaina ko ya taɓa jin sunan ƙauyen.

Aka miƙa wa Kawu kofi. Ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya matso kunnena ya ce, "Wannan ruwan kogi ne." Son sani ya hana ni zama. Na zagaya bayan tankin, sai ga sawun tayar babbar mota a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da na tsare abokina, dariya ya yi ya ce tankar ruwa ce ta cika shi da sassafe, kuma bayan zaɓe za a dawo a ƙara zurfi. Yadda ya faɗa, ko a jikinsa, kamar yana ba ni labarin cefane.

Kwana huɗu famfon ya ƙafe. Babu wanda ya dawo, kujerar ma ban ƙara jin zancenta ba, kuma wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Na zaci mutane jam'iyya za su zaga. Ina! Su a wurinsu 'yan siyasa sun yi abin da suka saba. Kawu suka dinga yi wa jaje a bayan ido, wai tsufa ya kama shi, idonsa ya daina gani. Da rani ya zagayo, maƙwabcinsa na katanga ɗaya ya tashi haƙa rijiya, sai ya aika garin Achika aka zo masa da wani mai haƙar rijiyar. Kawu yana zaune a ƙofar gida suka wuce shi da diga, suka gaishe shi cikin ladabi.

Wannan ya ci mini rai. Wata Juma'a na hau babur na je na same shi kafin masallaci. Na ce yau idan aka sallame zan miƙe in gaya wa kowa cewa ya faɗa tun farko babu ruwa, ni na matsa masa. Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya riƙe mini hannun riga.

"Kada ka soma."

"Kawu, sunanka fa ake ɓatawa."

"Yanzu cewa suke na yi kuskure. Idan ka yi magana, za su san na sani sarai babu ruwa, na kafa musu turke." Ya saki rigar, ya jawo butarsa. "Bar su su ce na tsufa."