Madam Hannatu da Albasar Gamkalley

Kullum da hantsi Madam Hannatu takan gangara garkunan Gamkalley da tabarma a hammata. Mutuniyar Dogon Dutsi ce, ta tsufa tana koyar da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko, har ta ajiye alli. Ba ta da suna a rediyo, amma masu ban ruwa sun san ta.

Shekarar da fari ya ƙone gero, soji na kan mulki sun ce za a yi zaɓe. Kogin Isa ya ja da baya, wutar kuran na ɗaukewa, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Madam ta fi kowa tsoro. A wani mulkin soji na baya an ɗauke mijinta Yohanna kan magana ɗaya da ya yi a kasuwar Katako, ya dawo ba ya iya miƙe bayansa.

Duk da haka ta bi manufofin 'yan takara ɗaya bayan ɗaya. Da yake bakinta ba ya iya kiran sunan babban mutum a fili, sai ta jera albasa, tumatir da kuɓewa a tabarma, kowanne ɗan takara guda, tana yi wa masu ban ruwa bayani. "Albasa ya ce rijiyoyi da wutar hasken rana. Tumatir ya ce zai samar da wuta da gawayi, bai ce uffan kan malaman lakwal ba. Kuɓewa zai taimaki masu binciken irin da ke jure fari, amma bai faɗi yaushe ba."

Bawa mai noman ganyen salati yakan ce, "Madam, ke dai gaya mana wanda za mu jefa wa!"

"Ni na koya maka dasa salati? Auna da kanka."

Bawa ne ya shaida ranar da wani soja ya tsaya a kansu da bindiga a kafaɗa. Mata suka fara sulalewa. Tumatir ya kuɓuce wa Madam ya gangara cikin kwalbati. Ta tuna Yohanna, ta ce a ranta yau tata ta ƙare. Amma ba ta naɗe tabarmar ba.

Sojan ya durƙusa, ya ɗauki albasar. "Inna, wannan me ya ce kan rijiyoyin ƙasar Tawa? Tsohuwata na can, shanunmu sun ƙare."

Ta faɗa masa abin da albasa ya ce, da abin da bai ce ba.

Ke ce, Madam, mai koyarwa da tsoro a ciki. Ba ki taɓa cewa ke jaruma ce ba, har yau kina waiwaye in mota ta tsaya. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku malaman da kuka rage, in zaɓe ya zo, kada ku jira tsoro ya sake ku. Ita bai sake ta ba, ta dai shimfiɗa tabarmarta.