Hannun Inna Hannatu

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin Nguru a Gagarawa Tasha ya ci ƙosan Inna Hannatu. Ita ta fi kowa daɗewa a 'yar majami'ar Baptis ta ma'aikatan reluwe, kuma ita ta fi kowa ba sakataren ikilisiya ciwon kai.

Su Baptis ba wani babba da ke aiko musu da umarni daga birni. Fasto ma jama'a ke kiransa. In magana ta taso, sai a zauna bayan sujada, duk mai baftisma ya ɗaga hannu a ƙirga. To, Inna kara ta yi mata yawa. In an ce masu so su ɗaga, ta ɗaga. In an ce waɗanda ba sa so, ta sake ɗagawa, wai kada wani ya ga ta ƙi shi. Fasto ya yi bayani har bakinsa ya gaji, ya bar ta, don ba mai iya yi wa wannan tsohuwa faɗa.

A shekarar fari, 1973, ruwan rijiyar majami'a ya ja baya. Dikin Haladu, mataimakin Fasto, ɗan ƙanwarta da ta goya a bayanta, ya kawo shawara a sa wa rijiyar murfi da kwaɗo. Yana da hujja, ruwan ba ya isa. Amma Inna ta san wanda za a kulle wa: Manu, Bafulatanin da shanu biyar suka rage masa, wanda matarsa ta yi jinyar Inna wata biyu lokacin da ta karye.

Mutum tara suka ɗaga wa kwaɗo. Sakatare ya waiwayi Inna yadda ya saba, sai ya ga hannuwanta a kan cinya. Haladu ma ya gani. Nan ta ji zuciyarta ta karaya, amma ba ta motsa ba. Da aka kira waɗanda ba sa so, tara suka ɗaga, nata ya cika goma.

A bakin ƙofa Haladu ya tare ta, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, yau ni kika ƙi?"

"Kwaɗon na ƙi, ɗan nan," in ji ta. "Shekara ashirin ina ɗaga maka hannu."

Washegari da Manu ya koro shanunsa, sai ya tarar da Haladu a bakin rijiya da guga, fuska a murtuke, yana cika kwami.